Allurar hutu da ashanar hannu: jita-jitar da ke yawo a Tasawa da Mayahi, da amsar da ta kamace ta

A ƙidayar jama'a ta shekarar 2012, gundumar Tasawa da ta Mayahi kowacensu ta haura mutum dubu 500, ke nan su biyu kaɗai sun ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na al'ummar jahar Maraɗi. Mafi yawan wannan jama'a a ƙauye suke, tun daga Urafan can arewa har Korgom da Hawan Dawaki kusa da iyakar Najeriya, tun daga Kanambakashe har Gidan Amumun. Jarida ba ta kai musu, in ma ta kai, masu iya karanta ta kaɗan ne. Labari ta ƙofa uku yake shiga gidajensu: akwatin rediyo, wayar salula, da bakin maƙwabciya a bakin rijiya ko gidan suna. Ta waɗannan ƙofofi ne maganganu uku suka daɗe suna yawo a kan magungunan hutun haihuwa. Ana cewa allura tana ƙone mahaifa har mace ta zama juya. Ana cewa jinin da ya ɗauke bayan allura taruwa yake yi cikin ciki har ya zama ƙari. Ana kuma cewa ashanar da ake sa wa mace a dantse tana tafiya cikin jiki har ta kai zuciya.

Mu da muke aikin rediyo, waɗannan tambayoyi su ne abincinmu duk ranar da aka buɗe layi a shirin kiwon lafiya. Sau da yawa mai tambayar ba ta faɗin sunanta, wani lokaci ma ƙanenta take ba wayar ya yi tambayar a madadinta. To amma amsar da ta fi yawa a iska ita ce ta tallace-tallacen nan da ake tsarawa can nesa da harshen Faransanci, a juya su Hausa, a aiko gidajen rediyo da kiɗa mai daɗi, mace mai fara'a tana cewa maganin ba shi da wata illa ko kaɗan. Matar da ta yi allura ta kwashe sati uku tana ganin jini, in ta ji wannan talla, abu guda za ta fahimta, shi ne rediyo ba ya faɗin gaskiya. Daga ranar kuwa, ko maganar allurar rigakafin yara muka zo da ita, da kunne ɗaya za ta saurare mu.

Bari mu ɗauki allurar, domin a kanta aka fi surutu. Wadda aka fi yi a ƙasarmu ita ce ta wata uku-uku, ko dai wadda ake yi cikin tsoka, ko kuma ƙaramar nan mai suna Sayana Press da ake yi ƙarƙashin fata, wadda Nijar na cikin ƙasashe huɗu na Afirka da suka fara gwada ta tsakanin 2014 da 2015, tare da Burkina Faso da Senegal da Uganda. Aikinta shi ne hana ƙwan mace fita. Ba ta ƙone komai, ba ta kuma kashe ƙwai. Sai dai akwai abin da masu talla ke tsallakewa, kuma shi ne tushen jita-jitar baki ɗaya: idan mace ta bar allurar, haihuwa ba ta dawowa nan take. Lissafin da ma'aikatan lafiya ke aiki da shi ya nuna cewa a tsaka-tsaki mace kan kai kamar wata 10 daga allurarta ta ƙarshe kafin ta samu ciki, wasu ƙasa da haka, wasu kuma har shekara ɗaya da rabi. Ku duba wannan da idon matar ƙauye. Ta bar allura da kaka, miji ya dawo daga ci-rani da bazara, damina ta wuce babu labari, uwar miji ta fara habaici, kishiya kuma ga ta da goyo. Kafin wata na goman ya cika, an riga an yanke hukunci a gidan cewa allura ta cinye mata haihuwa, kuma labarin ya kai ƙauyuka uku. Ran da cikin ya samu, babu wanda zai koma ya warware maganar. Da tun ranar farko an gaya mata cewa wannan jinkiri yana cikin halin allurar, an kuma ce mata idan tana son ciki nan da shekara ɗaya to ƙwaya ko wata hanya ta fi mata, da ita da kanta za ta kwantar wa mijinta da hankali.

Haka zancen jini yake. Allurar tana rikita al'ada, wannan gaskiya ne. A watannin farko wasu kan ga ɗigo-ɗigo na kwanaki masu yawa, daga baya kuma kusan rabin masu yin ta al'adar kan ɗauke musu gaba ɗaya bayan shekara guda. Jinin ba taruwa yake yi ba. Shimfiɗar da ke cikin mahaifa, wadda ita ce ke zubowa duk wata, ita ce ba ta yin kauri, saboda haka babu abin da zai zubo. Mai shayarwa ma takan yi watanni ba ta ga al'ada ba, ba wanda ya taɓa cewa jini ya taru mata. Wannan misali shi muka ga ya fi shiga kunnen tsofaffi, domin abu ne da kowace ta sani a jikinta.

Amma akwai wani gefe na wannan jini da ba a rubuta shi cikin takardun da ake raba wa ƴan jarida, alhali shi ya fi damun matan: salla. Matar da ke ganin ɗigo kwana 20 ba ta san ko tana da tsarki ba, ba ta san ko ta ɗauki azumi ba, ba ta san abin da za ta ce wa mijinta ba, balle idan a ɓoye ta yi allurar. Ungozomar asibiti ba za ta iya ba ta wannan amsa ba, kuma ba aikinta ba ne. Amsar kuwa tana nan cikin littattafan da ake karantawa a kowane zaure na ƙasar Hausa, Ahalari da Risala. A mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, mai al'ada sananniya kuma tana ƙara kwana uku a kan kwanakinta, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, sai ta yi wanka ta ci gaba da ibadarta. Shi ya sa a ganinmu shirin da ya zaunar da ungozoma ita kaɗai rabin shiri ne. In an samu malami mai ilimin fiƙihu a gefenta, kowa ya tsaya kan abin da ya sani, mai sauraro ya fi samun abin tafiya da shi.

Ita kuwa ashana, mai sanda biyu takan yi shekara biyar, mai sanda ɗaya shekara uku, kuma da zarar an cire ta haihuwa na iya dawowa ba tare da jinkiri irin na allura ba. Shin tana tafiya? A ƙa'ida tana nan inda aka sa ta, mace na iya shafa ta da yatsa. An samu ƴan ƙalilan cikin miliyoyin mata a duniya da aka sa musu ita da zurfi fiye da kima har ta shiga jijiyar jini, likitoci sun rubuta wannan ba su ɓoye ba, kuma shi ya sa ake koya wa ma'aikata wurin da ya dace a sa ta. Abin da ya kamata mu gaya wa mace shi ne, duk ranar da ta shafa ba ta ji ta ba, ta koma asibiti. Babbar matsalar ashana a karkara ma ba tafiyarta ba ce, cirewarta ce. Sawa aikin ƴan mintoci ne, har ayarin ma'aikata masu zagaya ƙauyuka kan yi shi ranar da suka sauka. Cirewa kuwa sai da wanda ya ƙware da kayan aiki masu tsabta. Ayari ya tafi, mace ta ga jini ya dame ta ko mijinta ya gano, ta taka zuwa ɗakin shan magani na kusa a ce mata sai CSI, ta je CSI a ce mai cirewa ba ya nan, ko a ce ta yi haƙuri lokacinta bai cika ba. Wadda aka yi wa haka, idan ta ce an sa mata abin da ba ya fita, ba ƙarya ta yi ba, abin da ta gani ta faɗa. Ɗan jaridar da ya je ɗaukar rahoton yawan matan da aka sa wa ashana, ya kamata ya tambayi shugaban CSI ɗin nawa aka cire wa, wa ke cirewa, kuma wace rana.

Kada kuma mu manta da cewa rashin haihuwa abu ne da ke nan tun kafin allura ta zo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yakan gamu da matsalar samun haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A yankinmu abubuwan da suka fi toshe hanyar ƙwai su ne ciwon sanyi da ba a yi wa magani da kyau ba, da ƙwayoyin cuta da ke shiga bayan haihuwa ko ɓari a wuri marar tsabta. Kuma a cikin ma'aurata da yawa matsalar daga namijin take. Wannan magana ce mai nauyi a faɗa a rediyo, mun sani, amma muddin ba a faɗe ta ba, allura ce za ta ci gaba da ɗaukar laifin kowa, ita da matar da ta yi ta.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa mutane ke saurin yarda da cewa akwai wata manufa a ɓoye? Amsar tana cikin tarihi, kuma tarihin ba nesa yake ba, Kano ne, inda samarin Tasawa da Mayahi ke zuwa ci-rani. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a kan yara a Kano. Cikin yara kimanin 200 da aka sa a gwajin, 11 sun rasu, biyar daga waɗanda aka ba sabon maganin, shida daga waɗanda aka ba wani. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. A 2003 kuma aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin cewa an gauraya shi da maganin hana haihuwa. Zargin bai tabbata ba, an koma rigakafin a watan Yulin 2004, amma kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, yaranmu na bakin iyaka na cikin waɗanda suka shanye. Sai a 25 ga Agustan 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Labari biyu ke nan, ɗaya ya faru, ɗaya zargi ne da ya gurgunta yara, amma a bakin mutane sun narke sun zama ɗaya. Aikinmu shi ne mu raba su, ba tare da mun ƙaryata wanda ya faru ba. Sa'an nan ga kalaman shugaban Faransa Emmanuel Macron a 2017, inda ya danganta koma-bayan Afirka da matan da ke haihuwar ƴaƴa bakwai zuwa takwas. Ko mene ne nufinsa, abin da ya iso zaurukanmu shi ne Bature na ƙirga mana ƴaƴa.

Tun da mun zo kan ƙirga, bari mu tsaya kan alƙaluma, domin nan ne mu ƴan jarida aka fi samunmu da kwaɓa. Har yau za ka ji ana cewa macen Nijar na haihuwar ƴaƴa 7,6. Wannan adadi na binciken ƙasa ne na 2012, wanda ya ba jahar Maraɗi 8,4. An sake wani binciken a 2017, amma masu kula da shi suka ƙi sakin sakamakon saboda sun gano kurakurai wajen tattara bayanan, duk da haka wasu na ci gaba da ambatar alƙalumansa. Binciken da Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2021 ya ba da 6,2. Duk wanda zai faɗi adadi, to ya faɗi shekararsa. Haka nan kashi 12 cikin 100 da aka ce na matan aure masu amfani da hanyoyin zamani a 2012: wajen kashi 4 daga ciki mata ne masu dogaro da shayarwa, ba ƙwaya suke sha ba, ba allura suke yi ba. Ita ma shayarwar, wadda kowa ke yabo, ba ta kare mace sai da sharaɗi uku a haɗe: jaririn bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. In ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi, daga nan ake samun rurrutsa, ga na goye ga na ciki, a yaye yaro ba shiri, tamowa ta kama shi.

Kalmar rurrutsa ta nuna cewa tazara tsakanin haihuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu mata sun san abin kunya ne a yi ciki a kan goyo, Alƙur'ani ma ya ambaci shekara biyu ta shayarwa, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a jira wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki. Saboda haka kalmar da mai gabatarwa ya zaɓa tana da nauyi. In ka ce ƙayyade iyali, ka ce wa magidanci wani zai yanke masa adadin ƴaƴa, ya kashe rediyo. In ka ce hutu ko tazara, ka faɗi abin da mahaifiyarsa ta sani. Wannan hikima ce ta sa makarantar mazaje, wadda aka fara a jahar Damagaram da tallafin Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya kafin ta iso Maraɗi, ta samu karɓuwa: magidanta ne ke yi wa magidanta magana da harshen da suka saba.

Akwai kuma kalma guda da muke faɗa a iska wadda ke jawo wa ma'aikatan lafiya zagi, ita ce kyauta. A zamanin shugaba Mamadu Tanja, a ƙarshen 2005 aka ce fiɗar haihuwa kyauta ce, a 2006 aka ƙara da awon ciki, da magungunan hutun haihuwa, da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar. A watan Yunin wannan shekara ta 2006 ne kuma aka kafa dokar kula da lafiyar haihuwa. An gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2000 a ƙauyuka, kuma abin ya yi amfani, domin mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 226 cikin 1000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Sai dai masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun nuna yadda gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗin aikin da suka yi kyauta, bashi ya taru, kantunan magani na asibitoci suka bushe, aka koma rubuta wa mutane takarda su je su saya. Daga 1 ga Satumban 2024 kuma hukumomin ƙasa suka rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da rabi, suka ce haihuwa kyauta ce. Doka ce mai kyau, kuma wajibi ne mu sanar da ita don kada a karɓi kuɗin da bai halatta ba. Amma a sanar da ita tare da abin da ba ta ɗauke ba. Ba ta ɗauke kuɗin kabu-kabu ba, ba ta ɗauke abincin masu jinya ba, ba ta kuma rage ko taƙi ɗaya na rairayin da ke tsakanin ƙauye da asibiti ba. A farkon shekarun 2020, kusan rabin mutanen Nijar ne kawai ke zaune cikin kilomita biyar daga cibiyar lafiya. Matar da ke cikin garin Tasawa, a bakin kwalta, idan allura ta dame ta gobe za ta koma ta tambaya. Ta arewacin Mayahi, wadda sai an ɗaura wa amalanke sa, ita mai tallar magani a kasuwa za ta tambaya, shi kuwa yana da amsa a shirye da kwalbar da zai sayar mata.

Kasuwar jita-jita ta ƙara ci a shekarun nan saboda muryoyin da mutane suka saba ji sun ragu. An dakatar da RFI a ƙasar a Agustan 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024, Muryar Amurka kuma gwamnatin ƙasarta ce ta tsayar da shirye-shiryenta a Maris na 2025. A wannan shekara ta 2025 ne kuma aka rushe hukumar agajin Amurka ta USAID, wadda ta daɗe tana cikin manyan masu sayen magungunan hutun haihuwa ga ƙasashen Afirka. Wurin da aka bari, saƙon murya na WhatsApp ya shige shi. Mutum ne ba suna ba gari, ya fara da sallama da salati, ya ce wani babban likita ya tona asiri, a tura wa ƴan uwa Musulmi. Irin wannan saƙo, a ganinmu, bai kamata a sa shi a iska ba ko da da niyyar ƙaryata shi ne, domin muryarsa ta fi zama a kunne fiye da bayanin da zai biyo baya. A faɗi abin da ya ƙunsa a taƙaice, a ware guntun gaskiyar da ya jingina da ita, sa'an nan a ba mai ilimin abin lokaci ya yi bayani har ya gama, ba minti biyu tsakanin gaisuwar masu sauraro ba.

Duk wannan gardama ta allura da ashana kada ta rufe abin da ke kashe mata. Binciken 2012 ya nuna mata 535 ke mutuwa a kan kowace haihuwa dubu 100, kuma a jahar Maraɗi kusan tara cikin goma na mata an aurar da su kafin shekara 18. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, ga kunyar haihuwar fari da ke hana ta faɗin naƙuda ta fara, ita ce ke kwana biyu a ɗaki ana jiƙa mata rubutu. Idan ta tsira da rai, sau da yawa jaririn ba ya tsira, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari, sai a ce maita ce ko aljanu. Kan jaririn ne ya daɗe yana danne nama har ya mutu ya huje, kuma ana ɗinke shi. Tun 2012 akwai cibiyar wannan aiki a Danja, kudu da Maraɗi. Naƙudar da ta wuce awa 12, da jini mai zuba ga mai ciki ko mai jego, da kumburin fuska tare da ciwon kai mai tsanani, da jijjiga, da zazzaɓi bayan haihuwa, waɗannan ba a jiran gari ya waye da su, ba a kuma jiran maigida ya dawo daga Kano.